Teku hawa-hawa ne: abin da ya sa kifin zurfi ba zai maye mana gurbin amane ba

Duk wanda ke ba da kuɗin cefane a Aboabo, ko Asawase, ko Sawaba, ya san halin da amane ya shiga a 'yan shekarun nan. Ya yi tsada, ya kuma ƙanƙance. Kifin bandar da a da uwargida za ta ɓare guda uku ta zuba a miyar ayoyo kowa ya ji shi a tuwon zafi, yau sai ta haɗa biyar ko shida, kuma rabinsu kai ne da ƙaya. Masu soya shito na waakye sun fi kowa sanin zancen, don su da kwando suke saye. Ba ƙaramar magana ba ce. A ƙasar nan ta Gana, wajen kashi 60 cikin 100 na furotin ɗin dabba da muke ci daga kifi yake fitowa, ba daga shanu ko kaji ba. Talaka in ya ce akwai nama a miyarsa, galibi amane yake nufi.

In aka ta da zancen a bes wajen shan ataya, akwai amsar da nake yawan ji, har daga bakin masu boko: wai teku ba ya ƙarewa. In na bakin gaɓa ya yi ƙaranci, ai sai manyan jirage su nausa can ciki, su zura raga ƙasa, su kwaso wanda ke zurfi. Kifi kifi ne, in ji su. Ban cika ganin laifinmu ba, domin mu mutanen Kumasi a sha'anin teku kifin rijiya ne. Tsakaninmu da Cape Coast fiye da kilomita 200 ne a mota. Kifi a kwando muka san shi, a kasuwar Asafo, ko a daskare cikin kwali daga kolsto. Amma maganar ba ta da ƙafar tsayuwa, kuma dalilin yana cikin jikin kifin kansa, cikin abin da ya gada daga iyayensa.

Bene ne, ba tukunya ba

Mu fara da shi kansa ruwan. Daga sama teku shimfiɗa ɗaya ce, amma in ka nitsa, kowane hawa da irin duniyarsa. Duk mita 10 da ka sauka, nauyin ruwan da ke danne ka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da muke ɗauke da ita a tudu. Ke nan a mita 1,000 dannin ya ninka sau ɗari. Haske kuma a hankali yake mutuwa, launi bayan launi. Ja ne ke fara ɓacewa, tun a mitoci na farko-farko. Shuɗi ne ke jurewa ya fi kowa nisa. Daga wajen mita 200 babu hasken da zai ishi tsiro ya rayu, daga mita 1,000 kuwa hasken rana ya ƙare ɗungurungum. Ga sanyi: ruwan saman tekunmu yakan kai digiri 28 ko 29, amma can ƙasa yana sauka zuwa 4 ko 5, sanyin firiji ke nan. Ga yunwa, wadda ta fi duka. Abincin teku a sama ake girka shi, inda rana ke raya ƙananan tsirrai da ido ba ya gani. Na ƙasa sai dai su jira ɓurɓushin da ya faɗo.

A gaɓar Gana, mai tsawon wajen kilomita 550, ƙasa ba ta rufta kai-tsaye ba. Akwai wani dakali a ƙarƙashin ruwa da ke gangarawa a hankali. A gabas, wajen bakin kogin Volta, siriri ne, bai fi kilomita 20 ba; tsakanin Takoradi da Cape Coast kuwa ya buɗe ya kai kilomita 80 ko fiye. In aka kai zurfin wajen mita 100, sai dakalin ya ƙare, ƙasa ta sulale zuwa dubban mitoci. Kusan duk kifin da masu kwalekwale na Elmina da Chorkor da Axim ke kamawa a kan wannan dakali yake. Abin da ke bayansa faɗi ne da shi, amma ba yalwa.

A kan dakalin ma ruwan ba ɗaya ba ne. Mafi yawan shekara ruwan ɗumi ne a sama, na sanyi a ƙasa, kuma ba sa gauraya. Tsakaninsu akwai wani shamaki da ido ba ya gani, inda zafin ruwa ke faɗuwa farat ɗaya, galibi kafin a kai mita 40. Wani Bature masanin teku, Alan Longhurst, wanda ya yi aiki a Firitawun da Legas a shekarun 1950 da 1960, shi ya fayyace cewa kifayen ƙasan tekun Afirka ta Yamma unguwa-unguwa suke zaune, kuma wannan shamaki ne babbar iyakarsu. A samansa, cikin ruwan ɗumi mai laka, nan ne gidan kifin da muke kira kasaba da danginsa. A ƙarƙashinsa, cikin ruwan sanyi, nan ne gidan jan kifi da ake gasawa a manyan gidajen abinci. In ka ƙara gangarawa bakin dakali, sai ka tarar da wasu daban. Ɗan ƙasarmu Dokta Kwame Koranteng, wanda ya shugabanci sashen binciken kifin teku da ke Tema, ya bi bayanan jiragen bincike na shekaru masu yawa a ruwan Gana, ya kuma wallafa a 2001 cewa zurfi da irin ƙasar da ke ƙarƙashi su ne ke raba waɗannan unguwanni.

Shi kuma amane fa? Abin da muke tarawa mu kira amane jinsi biyu ne. Akwai mai mulmulallen jiki, Sardinella aurita a littafin masana, akwai mai faɗi, Sardinella maderensis. Kama da wane ba ta wane. Mai faɗin ɗan bakin gaɓa ne, yana jure ruwan ɗumi da wanda ruwan kogi ya sirka. Mulmulallen kuwa ɗan sanyi ne. Lokacin zafi manyansa sukan koma can ƙasa, ƙarƙashin shamakin, su lafe. Daga Yuli zuwa Satumba sai ruwan sanyi ya taso daga ƙasa ya kawo taki sama, ƙananan tsirrai su yi yabanya, amane ya biyo abincin zuwa kusa da gaɓa, ya ci ya zuba ƙwai. Shi ya sa tun muna yara watan Agusta ne watan arhar kifi, kwanduna su cika Asafo da Kejetia. Akwai kuma ɗan ƙaramin tasowa wajen Janairu, lokacin hunturu.

Abin da ake gada

To, me ya hana kifin sama ya sauka ya zauna a ƙasa, ko na ƙasa ya hau? A nan ne zancen ƙwayoyin gado ke shigowa, kuma mu mutanen Zango ba baƙonmu ba ne. Yau da wuya a ɗaura aure ba a yi zancen gwajin jini ba: wane AA ne, wance AS ce. A nan Kumasi ma aka fara gwajin sikila ga jarirai a ƙasar nan, a 1995, a asibitin Komfo Anokye, bisa jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Bambancin A da S harafi ɗaya ne tak a rubutun gadon da ke cikin jiki. Kuma dalilin da ya sa S ta yi yawa a yankinmu shi ne mai AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana yaro, don haka ya fi samun damar girma ya haifa. Wuri ne ya tace, zuriya bayan zuriya.

Na san da an ce halitta tana sauyawa wasu za su gyara zama. Ba zancen asalin ɗan Adam na kawo ba. Abin da kowane mai kiwo ya sani nake faɗa. Ragon Balami da ake kawo mana daga arewa lokacin Layya, in ka ce za ka riƙe shi shekara biyu a cikin kurmin ƙasar Tonawa, tsando da danshi za su wahalar da shi, alhali 'yar guntuwar tunkiyar nan ta ƙauyukanmu tana kiwonta lafiya lau. Duk tumaki ne, amma kowace zuriya da kayan da ta gada, waɗanda suka dace da inda ta daɗe. Zurfin ruwa haka yake tace kifi, sai dai shi tazararsa ba ta ɗaruruwan kilomita ba ce. Mita ɗari biyu ko uku daga sama zuwa ƙasa ta isa.

Misalin da ya fi ɗaure mini kai daga arewacin Atlantika yake, tsakanin Aisilan da Girinlan. Akwai wani jan kifi a can, Sebastes mentella. Shekara da shekaru ana kama shi ana lissafa shi a matsayin garke ɗaya. Da aka duba gadonsa sai aka ga wanda ke sama da mita 500 daban, wanda ke ƙasa da haka daban, ga su a ruwa ɗaya, wani a kan wani kamar mazauna bene. A 2009 majalisar masanan da ke ba ƙasashen yankin shawara kan kamun kifi ta amince cewa garke biyu ne. Daga baya aka gano cewa har ƙwayar gadon da ke gina sinadarin gani a duhu ta bambanta tsakaninsu. Ka ga da jirgi zai kwashe na ƙasan nan kaf, alƙaluma za su nuna akwai sauran kifi, tunda na sama yana nan. Amma zuriyar da ta iya zaman ƙasan ta tafi.

Akwai wanda ya fi wannan ban mamaki. A 2018 masu bincike ƙarƙashin jami'ar Durham ta Ingila suka wallafa aikinsu kan wani kifi mai dogon wutsiya kamar ta ɓera, Coryphaenoides rupestris. Suka gwada waɗanda aka kamo a mita 1,000 da na mita 1,800. Kusan duk rubutun gadonsu iri ɗaya ne, alamar cewa suna auratayya da juna, ba su rabu ba. Amma a wasu 'yan wurare ƙalilan, waɗanda suka shafi ginin jiki da tsoka, na mita 1,800 duk salo ɗaya suke ɗauke da shi. Wato gida ɗaya ne, 'ya'ya su tashi tare, in sun girma kowa ya nufi hawan da kayan gadonsa ya dace da shi. Irin wannan bambanci ba ya fitowa a sikeli, ba ya fitowa a ido.

In aka nitsa sosai kuwa, sai ka ga kayan aikin da ba su da amfani a sama ko kaɗan. Ni da kai ƙwayar gado ɗaya muke da ita ta sinadarin gani a duhu. Wani ɗan kifi mai ƙyalli kamar azurfa, Diretmus argenteus, yana da 38, kamar yadda wani bincike ya nuna a 2019, ga alama don ya tsinci 'yan fitilun da halittun ƙasa ke kunnawa a jikinsu. Ga kuma zancen ƙarni. Akwai wani sinadari a naman kifin teku, masana na taƙaita sunansa TMAO, wanda in kifi ya kwana ya fara lalacewa shi ke rikiɗewa ya ba da warin nan da ke korar mutum daga layin masu kifi. A jikin mai rai, yana tallafar furotin kada dannin ruwa ya murƙushe shi. Gwargwadon zurfin da kifi ke zaune, gwargwadon yawan sinadarin a namansa. Masana sun lissafa cewa wajen mita 8,200 zuwa 8,400 yawansa zai kai inda jiki ba zai ɗauka ba, saboda ruwa zai riƙa tsotsuwa cikinsa. Kifi mafi zurfi da aka taɓa ɗauka a kyamara, a wani rami kudu da Japan a 2022, a mita 8,336 yake. Lissafi da gani suka zo daidai.

Ba sai an je teku ba

Mai son ya ga yadda zurfi ke mulkin kifi, ga tafkin Bosomtwe nan, wajen kilomita 30 daga Kumasi, inda 'yan makaranta da samari ke zuwa yawon Sallah. Dutse ne daga sama ya faɗo ya haƙa ramin, fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Zurfinsa ya kusa mita 80, amma masuntan da ke hawa guntun katako suna tuƙi da hannu a saman ruwan kawai suke samun karfasa. Ƙasan tafkin babu iskar oksijin, ba kifin da zai zauna. Wani lokaci in sanyi ya sa ruwan ya juya, na ƙasa ya taso da warinsa, sai a wayi gari kifi na yawo a sama a galabaice. Mutanen bakin tafkin na cewa Bosomtwe ya harba albarushi.

A Kamaru akwai tafki irin wannan a bakin tsohon dutse mai aman wuta, Barombi Mbo, kusa da garin Kumba. A can dangin karfasa sun rabu jinsi 11 da ba a samun su ko'ina a duniya sai nan. Ɗaya daga cikinsu, Konia dikume, jininsa ya fi na 'yan uwansa yawan sinadarin ɗaukar oksijin, don haka yana iya leƙawa ƙasa inda iska ta yi ƙaranci ya ci tsutsar da sauran ba sa kai wa gare ta. A Tanzaniya kuma, wani ɗan tafki mai suna Masoko, faɗinsa mita 700 kacal, zurfinsa 35, an tarar kifi ɗaya yana kan hanyar rabuwa biyu: namijin bakin gaɓa rawaya, na ƙasa shuɗi, kuma binciken 2015 ya nuna rabuwar ba ta wuce shekara dubu da farawa ba. Mita 35 fa, tsawon da bai kai na wasu benayen Ankara ba.

Me zai hana mu ci na ƙasan?

Ana ci, amma ba zai riƙe tukunyar Zango ba. Amane saurin rayuwa gare shi. Cikin shekara ɗaya zuwa biyu ya fara ƙwai, ƙwan kuma dubbai, don abinci a yalwace yake inda yake zaune. Kifin zurfi a cikin sanyi da yunwa yake, saboda haka komai nasa a hankali ne. Akwai wani mai ruwan lemo, Hoplostethus atlanticus, da ke zaune wajen mita 1,000. Sai ya haura shekara 20, wani lokaci 30, kafin ya fara haihuwa, kuma yana wuce shekara 100 a duniya. Namibiya ta gano tarinsa a ruwanta a tsakiyar shekarun 1990, jirage suka yi masa caa, cikin shekaru kamar goma abin ya durƙushe har aka dakatar da kamun. Kamun amane kamar yankan alayyafo ne, in ka bar saiwa zai sake tohowa kafin wata ya zagayo. Kamun kifin zurfi kamar saran kuka ne.

Kuma kada mu ɗauka in wani ya tafi gurbinsa zai zauna yana jiransa. Tekun Gana ya taɓa nuna mana. A 1972 aka yi kamun amane mulmulalle irin wanda ba a taɓa gani ba a ruwan Gana da Kodebuwa. A 1973 sai ya yi ɓatan dabo. Masana sun danganta abin da yawan kamu da kuma sauyin yanayin ruwa da ya zo daidai da farin nan na Sahel, wanda iyayenmu da suka zo daga Nijar da arewacin Najeriya ba su manta da shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: wani kifi mai taurin fata da ƙaya a gadon baya, Balistes, wanda a da ba a ko lissafa shi, ya mamaye dakalin tekun kusan shekara 20, har mata masu banda suka koyi sarrafa shi dole. A ƙarshen shekarun 1980 shi ma ya ja baya. Amane ya dawo a wancan karon, kuma a ganina ba abin mamaki ba ne, domin a lokacin yana da maɓoya. In ya koma ƙasa lokacin zafi, ragar mai kwalekwale ba ta kai gare shi.

Wannan maɓoyar ce aka fasa. Ta sama, masu kamu da fitila suna zura haske cikin ruwa da dare su janyo kifi daga ƙasa a watannin da ya kamata ya huta. Doka ta hana, amma an daɗe ana yi. Ta ƙasa kuma, manyan jiragen jan raga, waɗanda lasisinsu na kifin ƙasa ne, suka riƙa kwasar amane inda ya lafe, su daskarar da shi falle-falle, su sayar wa wasu manyan kwalekwale a tsakiyar teku. Shi ne saiko. Ƙungiyoyin EJF da Hen Mpoano sun ƙiyasta a rahotonsu na 2019 cewa a shekarar 2017 kaɗai an sauke wajen tan 100,000 ta wannan hanya, kuma mafi yawan amanen da aka duba a cikin irin waɗannan falle bai kai haihuwa ba. Tsakanin 1996 da 2016 amanen da ake saukewa a gaɓar Gana ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100. A 2021 Tarayyar Turai ta sake ɗaga wa Gana katin gargaɗi kan kamun da ya saɓa doka, karo na biyu ke nan bayan na 2013, kuma daga nan gwamnati ta matsa har sauke saiko a fili ya ragu ƙwarai.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, raguwar ba ta tsaya a yawan tan ba. Raga ba ta kamu da ƙuri'a. Tana zaɓe: babba kafin ƙarami, na wannan zurfi kafin na wancan, mai zuwa haske kafin mai gudunsa. A Aisilan, Farfesa Einar Árnason ya bi wata ƙwayar gado a jikin kifin kod, irin wanda ake busarwa a kai Najeriya. Masu salo ɗaya sun fi zama a ruwa marar zurfi, masu ɗaya salon sun fi nitsawa. A 2009 ya nuna cewa salon na sama yana raguwa a cikin kowane rukunin haihuwa gwargwadon yadda suke girma, ya kuma danganta haka da yadda kamu ya fi tsanani a ruwa marar zurfi. A 2014 wasu masana biyu a Amurka, Malin Pinsky da Stephen Palumbi, suka tattara bayanan jinsin kifi 140, suka ga waɗanda aka yi wa kamun wuce gona da iri sun yi asarar wajen kashi 12 cikin 100 na ire-iren gadonsu in aka gwada da danginsu da ba a matsa wa ba.

Kashi 12 kamar ba yawa, amma ka tambayi manomi. Wanda ke da irin gero kala biyar a rumbu, mai saurin nuna da mai jure fari da mai jure ruwa, in damina ta rikice wani zai fid da shi. Wanda ya rage da kala ɗaya sai addu'a. Saman tekun Gini yana ƙara ɗumi, kuma kifi mai son sanyi irin amane mulmulalle zai buƙaci duk wani salo da ke cikin zuriyarsa: mai iya nitsawa ƙasa kaɗan, mai jure ɗumi kaɗan, mai zuba ƙwai a ƙaramin tasowar Janairu maimakon na Agusta. Yawan kifi na iya dawowa cikin shekaru in an ɗaga masa ƙafa. Salon gado in ya ɓace, dawowarsa aikin dubban zuriya ne.

Ita kanta dokar ƙasar nan ta san da zancen zurfi, ko da ba ta ambaci gado ba. Dokar kamun kifi ta 2002 ta keɓe wa ƙananan masunta ruwan da ke tsakanin gaɓa da zurfin mita 30, ko mil 6 na teku, duk wanda ya fi nisa. Matsalar ita ce layin mita 30 yana kare gidan 'ya'ya ne, amma inda iyayen ke fakewa yana bayansa. Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta miƙa iyakar zuwa mil 12. Ni dai ina ganin wannan ya fi kusa da yadda kifin ke rayuwa, in har za a sami jiragen sintiri da man da za a zuba musu. Doka a takarda ba ta korar jirgi da tsakar dare. Haka ma rufe teku na wata guda da aka yi wa masu kwalekwale, wanda aka fara a 2019, aka kuma yi shi a watan Yuli daga 2021 zuwa 2024, gab da lokacin zuba ƙwai. A waɗannan shekarun, a nan Kumasi mukan ji shi a aljihu, mu yi ta ƙorafi a trotro, kuma masunta da matansu masu banda sun fi mu jin jiki, don wata guda ba kamu ba ciniki ba wasa ba ne ga mai ci daga hannu zuwa baki. Amma kifin da aka bari ya zuba ƙwai a Yuli da Agusta shi ne kwandon baɗi.

Akwai abu ɗaya da ke hannunmu mu masu saye, musamman iyayenmu mata da ke sarin kwanduna daga Elmina da Mankessim su kasa a Aboabo da Asawase. Ƙa'idojin kamun kifi na 2010 sun sa mafi ƙanƙantar amanen da aka yarda a sauke ya zama santimita 18. Wannan kusan taƙin hannun babban mutum ne, daga babban yatsa zuwa na tsakiya in an buɗe. Banda takan ɗan tsuke kifi, sai a yi masa rangwamen yatsa guda. Kada a rikita shi da 'yan mitsi-mitsin nan da ake kira Keta sukul bois, su jinsinsu daban ne, girmansu ke nan. Amma amane na gaske da ya tsaya a tsawon ɗan yatsa, wanda ake aunawa da olonka a ce na shito ne, mafi yawansa bai taɓa zuba ƙwai ko sau ɗaya ba kafin ya hau waya a sa masa hayaƙi.